Tarihin Miyar Ganye da Al'adar Ciyayya a Kudancin Kano

Masu rubuta tarihin ƙasar Kano sun fi mayar da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, har ya zama ana iya lissafa shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado tun daga Bagauda, amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya bayyana abin da talakawan sarakunan nan suke ci da dare. Alhali kuwa babu gidan da ba a ɗora tukunya biyu a cikinsa kowace yamma, watau ta tuwo da ta miya. Ita ta tuwon labarinta a fili yake, domin hatsi abu ne da ake aunawa, a fitar da zakkarsa, a rubuta shi a littafin haraji. Ta miya kuwa a hannun mata take, kuma yawancin kayanta ganyaye ne da 'ya'yan itatuwa waɗanda ba su taɓa bi ta hannun ma'auni ba. Wannan maƙala za ta bi sawun tukunya ta biyun ne a ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ta duba inda kayanta suka fito, da yadda iliminta ya yi ta yawo daga gida zuwa gida shekaru aru-aru kafin a fara sa shi a littafi.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita ma'anar kalmar. Abin da Bature yake kira miya abin sha ne, ana zuba shi a kwano a sha da cokali kafin a kawo abinci. Bahaushe yana da irin wannan, amma romo yake ce masa. Miya kuwa abokiyar tafiyar tuwo ce, ba a cinta ita kaɗai, shi ma tuwon idan aka ci shi babu ita sai a ce an ci gaya, cin gaya kuma alama ce ta an kai maƙura wajen rashi. A Ingila tun a 1812 wata mata mai suna Martha Brotherton ta wallafa littafin girkin da babu nama a cikinsa, a 1847 kuma aka kafa ƙungiyar masu ƙin cin nama, domin a can barin nama aƙida ce da mutum yake zaɓar wa kansa. A ƙauyukan kudancin Kano babu wanda ya haramta wa kansa nama. Abin da ake ciki shi ne nama na ranar kasuwa ne da ranar suna da Sallar Layya, shi ya sa ake cewa tuwon girma miyarsa nama. Sauran kwanakin shekara, waɗanda su ne mafi yawa, ganye da daddawa ne suke riƙe da gida.

Ƙasar da Itatuwanta

Wanda ya taso daga birnin Kano ya nufi Zariya, idan ya wuce Kura da Ciromawa zai shiga ƙasar Bebeji. Gaba kaɗan ga Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe Zariya, ɗaya ta karkata ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta faɗa ƙasar Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos. Duk zangon da aka ci a wannan hanya ƙasa ƙara duhuwa take yi. Ruwan sama yana ƙaruwa har ya zarce milimita 1,000 a shekara a wajen duwatsun Riruwai, damina tana riga ta arewacin jihar sauka, ba ta kuma ɗaukewa da wuri. Saboda haka itatuwan da miya ta dogara a kansu, musamman ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da tsamiya, sun fi samun wurin zama a nan.

Waɗannan itatuwa ba na daji ba ne kamar yadda baƙo zai zata. Manomi idan yana sassabe yakan bar su tsaye a tsakiyar gona da gangan, kuma kowace bishiya da mai ita. Akan gaji ɗorawa, akan jinginar da ita, har ma ta yiwu gona ta zama ta wani, ɗorawar da ke cikinta ta wani dabam. Kuka kuwa itaciyar mazauni ce, tana bin mutane duk inda suka kafa gida. Inda aka ga kukoki sun taru a fili babu gida kusa, galibi kufai ne, mutanen sun tashi sun bar kayan miyarsu tsaye.

Abin da ƙasar ba ta da shi shi ne gishiri da kanwa, su kuwa fatake ne suke kawo su. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) ne Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Daga nan ayarin raƙuma ya riƙa sauko da kantun gishirin Bilma, daga gabas kuma mangul da kanwa suna zuwa ta wajen Barno. Wanda bai da halin saye yakan tace toka ya yi amfani da ruwanta. Bebeji tana bisa babbar hanyar da waɗannan kaya suke bi zuwa Zazzau da Nupe da Gwanja. Lokacin da Hugh Clapperton ya yada zango a garin a 1826, yana kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya ƙiyasta mutanensa sun kai 20,000 ko fiye, ya ce kusan dukkansu 'yan kasuwa ne, har ya ba da labarin wata jimina da ake kiwo a cikin kasuwar don maganin kambun baka. Garin da yake da irin wannan kasuwa ba zai rasa masoro da kimba da kanumfari da citta ba, daga nan kuma 'yan koli suke rarraba su zuwa ƙauyuka.

Tukunyar Da

Tsofaffin ganyayen miya na wannan ƙasa su ne kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da rama da lalo, ga kuma gauta da riɗi da wake. Kowannensu da halinsa, kuma sanin halin shi ne girki. Ganyen kuka a inuwa ake shanya shi domin ya riƙe korensa, idan rana ta dake shi sai ya yi ja, miyarsa ta yi ɗaci. Bayan an daka an tankaɗe, ba a zuba garin a tukunya sai ruwan daddawa da yaji ya dahu sosai, sa'an nan a riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗaya hannun, don kada ta yi gudaji. Karkashi da ɗanyar kuɓewa suna son 'yar kanwa domin yauƙi, idan kuwa kanwar ta zarce sai miya ta yi baƙi ta lalace. Yakuwa tsami gare ta, sai an kashe shi. Kuɓewar kaka akan yanka ta a shanya a kan tabarma ko a bisa rufin soro, a adana ta har damina ta zagayo. Wani abin lura a nan shi ne, a ƙasar Sanagal Wolof suna kiran garin kuka da sunan lalo, kamar yadda Michel Adanson ya tarar a wajen 1750, alhali a Hausa lalo wani ganye ne dabam, ko da yake aikinsu ɗaya, watau sa abinci ya yi santsin haɗiya.

Amma uwar tukunya ita ce daddawa, kuma a kanta ya kamata a daɗe. Ɗorawa tana nuna a bazara, a sa ƙugiya a kaɗo ta, a ɓare, a fitar da garin nan rawaya mai zaƙi wanda yara suke sha, a wanke ƙwayar, ita ce kalwa. Kalwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai ta kwana a kan wuta, a sauke a sussuka ta a turmi har baƙin ɓawon ya fita, a kai rafi ko bakin rijiya a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a zuba a kwando ko masaki a lulluɓe da ganye da tsumma, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin kwanakin nan ne take rikiɗa, ta yi laushi, ta yi wannan wari nata da ba ya ɓuya. Daga nan a kirɓa ta, a mulmula, a fyaɗa, a shanya. Masana kimiyya sun gano cewa wata ƙwayar halitta mai suna Bacillus subtilis ce take yin wannan aiki, irin wadda mutanen Japan suke sarrafa waken soya da ita, kuma sun auna sun ga fiye da kashi 30 cikin 100 na busasshiyar daddawa sinadarin gina jiki ne. Ke nan matan da suka ce daddawa naman talaka ce ba su yi kuskure ba. Sana'ar ta tsofaffin mata ce da matan Maguzawa waɗanda ba sa kulle, domin tana cin itace da ruwa da ƙarfi. Inda kalwa ta yi wuya akan yi ta da 'ya'yan yakuwa, ita ce daddawar batso, wadda warinta ya fi na 'yar'uwarta. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a farkon 1851, ya ambaci daddawa a cikin kayan da ake ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa, ya kuma ambaci miyar kuka. Ita kanta ɗorawa, a 1826 ne masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa danginta suna Parkia don tunawa da Mungo Park, watau shekarar da Clapperton ya bi ta Bebeji.

Da yawa daga abin da ake ɗauka kayan miyar kaka da kakanni ne, baƙi ne. Barkono da tattasai da attaruhu da tumatir da kabewa da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su kuwa ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Zogale asalinsa ƙasar Indiya. Miyar taushe, wadda ake gani ita ce sarauniyar miyar biki ta gargajiya, ginshiƙanta biyu kabewa da gyaɗa ne, dukkansu 'yan ci-rani da suka zama 'yan gari. Wannan ya nuna tukunyar Bahaushiya ba ta taɓa rufe bakinta ga baƙon abu ba, sai dai takan jarraba shi ta ga ko zai zauna lafiya da daddawa.

Gyaɗa ta daɗe a gefen gonaki kafin ta zama abin neman kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma kamfanonin Turawa suka shiga sayenta gadan-gadan, fataken goro suka juya suka zama dillalanta. Mafi shahara a cikinsu, Alhassan Ɗantata, a Bebeji aka haife shi a 1877, ya rasu a 1955. An yi rubutu da yawa a kan dalar gyaɗa da dukiyar da ta tara wa attajirai, amma akwai wani gefen labarin a cikin gida. Yawaitar gyaɗa ya sa matan kulle suka sami sana'ar matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ya shiga gurbin man kaɗe a gidaje da yawa, shi kuma ƙuli-ƙuli ya zama mahaɗin kwaɗon rama da na zogale. Man shanu dai yana nan a hannun matan Fulani, sai mai hali, ko ranar da aka yi baƙo.

Ciyayya da Kwanon Maƙwabta

A tsarin gandu maigida ne yake fitar da hatsi daga rumbu, ya ba da kuɗin cefane, matar da take da girki ta dafa wa gida duka. Kuɗin cefanen nan sau da yawa ba ya wuce na gishiri da mai, sauran kuwa mace ce take cikawa daga abin da ta shuka a bayan ɗaki da abin da ta shanya tun kaka. A gidan da yake da kishiyoyi tuwo ɗaya ne ko wace ce ta tuƙa, a miya ake gane hannu, a nan kuma ake gasa.

Abincin ba ya tsayawa a gidan da aka dafa shi. Bayan sallar magariba ko ta lisha magidantan unguwa sukan haɗu a ƙofar gidan babbansu ko a dakalin masallaci, yara su fito da akushi da kaskon miya daga kowane gida, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Wannan ita ce ciyayya. Hikimarta ita ce wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba a daren nan zai zauna ya ci ya ƙoshi, babu wanda zai tambaye shi ina nasa akushin. Baƙon da dare ya yi masa a gari nan ake kai shi. Amma fa ciyayya tana da nata hukunci, domin kowane magidanci ya san miyar gidan kowa, kuma labarin wadda ta tsinke ko ta yi lami yakan riga akushin komawa cikin gida. A ɓangaren mata kuma akwai aiken kwano. Yarinya takan ɗauki miya a rufe da faifai ta kai wa tsohuwar da ba ta da kowa, ko maijego, ko mara lafiyar da bakinsa ya ƙi abinci, wanda akan yi wa miyar yakuwa don tsaminta ya buɗe masa baki. Kunya ce a mayar da kwano wayam, ko 'yar daddawa ce ko ƙullin kuka sai an saka a ciki. Almajiri ma da ya tsaya a zaure yana da rabonsa a tukunyar. Mazubin ya sauya da zamani, daga akushi da kasko zuwa langa da samira, daga nan zuwa kula, amma aiken bai sauya ba.

Ta wannan hanya ce ilimin miya ya yaɗu. Macen da ta ɗanɗani miyar maƙwabciyarta ta ji wani abu da babu a tata, gobe za ta aika a tambayo, ko ta bari sai sun haɗu a gidan suna. Babbar hanya kuma ita ce aure. Yarinya tun tana shekara bakwai ko takwas take zaune kusa da murhu tana daka kayan miya, ranar da za a kai ta kuwa iyayenta sukan haɗa mata gara, a cikinta har da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da gishiri da man shanu, don kada ta fara zaman gidan miji da roƙo. Amaryar da aka ɗauko daga wani ƙauyen Ƙiru aka kai Bebeji ta tafi ke nan da hannun uwarta, wadda aka ɗauko daga wajen Doguwa, inda ake maƙwabtaka da Kurama da sauran mutanen ƙasar Lere, ta zo da ganyayen da dangin mijinta ba su saba da su ba. Labarin da Baba ta Karo ta ba Mary Smith a Giwa a 1949 da 1950, wanda aka buga a 1954, ya fito ne daga wajen Zarewa, yamma da Ƙiru, kuma cike yake da bayanin yadda ƙawaye da dangi suke musayar abinci da kyauta a lokacin aure da haihuwa da salla.

Darajar wannan ilimi ba ta fitowa sosai sai an shiga wuya, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kowace shekara akwai 'yan makonni a tsakiyar damina da rumbu yake yin ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga kuma aikin noma a wuya. A lokacin nan tukunya takan juye, ganye ya yi yawa, hatsi ya zama mahaɗi: a yi fate da ɗan tsaki da rama ko yakuwa mai yawa, a dafa tafasa a zubar da ruwan farko a kwaɗanta, a tsinko ɗinkin daga ɗinya, a nemo yaɗiya da gasaya da zuwo. A shekarun yunwa kuwa abin da ake yi na makonni shi ake yi na watanni. Ruwa ya ƙi a 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake tunawa da ita da sunan Kakalaba a wurare da dama, ta kashe dubban mutane a lardin Kano, mutanen arewa suka yi ta kwararowa kudu neman abinci. Haka aka sake gani a farin 1972 zuwa 1974. A irin waɗannan shekaru gidan da yake da tsohuwar da ta san wane ganye ake ci, wane ne sai an jiƙa shi ya kwana, wane ne yake kisa, ya fi gidan da ba shi da ita damar kaiwa kaka.

Shigar Miya Cikin Littafi

Malaman ƙasar Hausa sun yi rubutu da Larabci da ajami a kan fikihu da tauhidi da tarihi da magani, amma girki bai shiga cikin abin da suke gani ya cancanci tawada ba, tun da masu shi mata ne, kuma babu wadda take bukatar takarda don ta kaɗa kuka. Ko Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano, wanda ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanin noma da sana'o'i da cinikin Hausawa, tsarin rayuwa ya bayyana, bai zauna koyar da girki ba. Littafin girki na farko-farko da aka buga a Nijeriya ta Arewa shi ne wanda Sylvia Leith-Ross da Geneviève Ruxton suka shirya a Zungeru a farkon mulkin Turawa, shi kuwa don Turawa aka yi shi, domin su san abin da za su sa kukunsu ya dafa musu. Wanda ya yi wa ganyen miya hidima ta gaske shi ne likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 shi ma ya adana sunaye da yawa, har da bambancin karin harshe, irin su guro da sure da mutanen yamma suke faɗa a maimakon kuɓewa da yakuwa. Sai dai waɗannan duk suna suka rubuta, da siffa, da amfani. Yawan kanwar da za a jefa, da lokacin da warin daddawa yake komawa ƙamshi a san ta dahu, suna nan a hanci da yatsun mata. A kudancin Nijeriya an riga an yi nisa, domin an buga littafin girkin Yarbawa na makarantar Kudeti ta Ibadan tun 1934, na Rhoda Williams kuma ya fito a 1957.

Kafin rubutun Hausa ya waiwayi tukunya sosai, tukunyar kanta ta sauya. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, daga 1971 zuwa 1974. Ruwan ya tashi dubban mutane daga garuruwansu, ya kuma shanye fadamu da itatuwa. A filayen noman rani na Kadawa da Kura da aka baje da manyan motoci don a ja ruwa, an tumɓuke itatuwan gona masu yawa, kuma binciken da Cecile Jackson ta wallafa a 1985 ya nuna yadda aikin ya taɓa sana'o'in mata, Musulmi da Maguzawa. A madadin haka sai ga tumatir da tattasai da albasa tuli a tsakiyar rani, har ana yanka tumatir ana shanya kauɗa a bakin titi. Jar miya, watau dage-dage, wadda a da ta gidan ma'aikata ce da mutanen birni, ta shiga ƙauye tare da shinkafar Tudun Wada da Kura. A daidai wannan zamani ne kuma dunƙulen Maggi ya bazu a teburan masu kayan miya. Abin mamaki, shi Julius Maggi na ƙasar Suwizalan da garin miyar wake ya fara sana'arsa a shekarun 1880, domin ciyar da ma'aikatan masaƙu waɗanda ba su da halin nama, dunƙulen kuma ya fito a 1908. Watau matsalar da daddawa ta warware ita ya so ya warware. Bambancin shi ne dunƙule ɗanɗano da gishiri yake kawowa, ba ya gina jiki kamar kalwa, kuɗinsa kuma ba ya komawa hannun tsohuwar ƙauye. Yawancin mata ba su zaɓi ɗaya sun bar ɗaya ba, haɗa su suke yi. A 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna farashi ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa kuka da karkashi da kuɓewa suka koma wa.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da harkar buga ƙananan littattafai ta bunƙasa a Kano, an sami 'yan littattafan girke-girke da Hausa waɗanda mata suka rubuta, ana sayar da su tare da littattafan soyayya, amare suna saye. Gidajen rediyo da talabijin suka biyo baya, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo shirin Akushi da Rufi, daga baya kuma wayar hannu ta ɗauke kaso mafi yawa. An ci riba a nan, domin yarinyar da ta tashi a makarantar kwana ba ta zauna kusa da murhu ba ta sami inda za ta duba. Amma wanda ya bi waɗannan rubuce-rubuce zai ga sun fi karkata ga abincin burgewa, na kaji da hanta da kayan fulawa, ko miyar kuka ce sai an fara da cewa a tafasa nama. Miyar da babu nama, wadda ita ce ta raini yawancin jama'a, ana jin nauyin rubuta ta, kamar tona asirin talauci ne. Tafasa da yaɗiya da ɗinkin da wuya su sami shafi. Zogale ne kaɗai ya tsira, shi ma don likitoci da ƙungiyoyin ƙasashen waje sun yabe shi.

A cikin garuruwan kuwa ciyayyar magidanta ta ja baya, musamman inda gandu ya watse kowa ya ja katangarsa, ko da yake a ƙauyuka da lokacin azumi ana ganinta. Masu gawayi sun sa gatari a kan ɗorawa da kaɗanya, kalwa ta yi tsada, har masu daddawa da yawa sun koma yin ta da waken soya. Aiken kwano dai ya sami sabuwar hanya. A tashoshin mota na Tudun Wada da Kwanar Ɗangora direbobi sun saba karɓar ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga hannun iyaye mata, an rubuta lambar waya a jikin leda, za a kai wa 'yar da take aure a Kano ko Kaduna ko Abuja.